Sauri Ya Haifi Nawa? Amsoshin Tambayoyinku Kan Tseren Mota

Wani bakanike daga Garwa ya aiko da wannan: "Allah ya gafarta Malam, gardama ce ta kaure a garejinmu. Na ce wa yarona sauri ya haifi nawa, sai ya ce mini ya haifi biyu. Shin wannan karin magana tambaya ce? Sannan in sauri aibi ne, yaya masu tseren mota suke cin abinci da shi har furfura ta fito musu?"

Ɗan'uwa, yaron naka tsokanarka yake yi, amma tsokanar tana da madafa. A rubuce kalmomi uku ne suke sanye da riga ɗaya. Akwai nawa ta tambaya, kamar a ce "buhu nawa?" Akwai nawa ta mallaka, wadda ake jan gaɓarta ta farko, kamar a ce "wannan sifana nawa ne." Sai ta uku, wadda ke nufin jinkiri da jan jiki: "yi maza, kada ka yi nawa," ko "yaron nan nawa gare shi wajen aike." Ta ukun ce a cikin karin maganar. Babu tambaya a ciki, hukunci ne aka yanke: gaggawa ita ke jawo jinkiri. Ka ɗaure taya a gurguje, ka manta noti biyu, motar ta dawo maka kafin la'asar, aikin minti goma ya cinye yini.

Kashi na biyu na tambayarka ya fi daɗin amsawa, domin a tseren motar kansa aka taɓa ganin fassarar wannan karin magana ƙuru-ƙuru. A Faransa akwai tseren Le Mans, wanda aka fara a 1923. Awa 24 ake yi ana zagaye hanya mai tsawon kilomita 13 da 'yan kai, wani sashenta ma titin jama'a ne da ake rufewa don tseren. A da, direbobi kan yi layi a gefe ɗaya na titi, motocinsu a ɗaya gefen. Da an kaɗa tuta sai kowa ya ruga, ya faɗa mota, ya tayar, ya fizge ta. Da yawa ba sa tsayawa ɗaura bel, sai sun hau miƙaƙƙiyar hanya suke lalubensa da hannu ɗaya.

A 1969 wani saurayi ɗan Beljiyam mai shekara 24, Jacky Ickx, ya ƙi wannan al'ada. Kowa ya ruga, shi ya taka a hankali ya tsallaka titi, ya shiga Ford ɗinsa, ya zauna ya ɗaura bel tsaf, ya tashi a bayan kowa. A zagayen farko na wannan rana wani Bature ɗan Ingila, John Woolfe, ya yi haɗari da Porsche ya rasu. Washegari, bayan awa 24, Ickx da abokin tuƙinsa Jackie Oliver ne suka ci tseren. A zagayen ƙarshe ya yi ta musayar gaba da Hans Herrmann na Jamus, wannan ya wuce wancan ya ƙwace, har Ickx ya tsallake layin ƙarshe da ratar kimanin mita 120. Daga shekarar da ta biyo baya aka daina gudun ƙafa zuwa mota.

To ka ga, Ickx bai ƙi gudu ba, ai da gudun ya ci. Abin da ya ƙi shi ne garaje, kuma Bahaushe ya raba waɗannan tun da daɗewa. Hanzari da zafin nama yabo ne. Garaje da gaggawa zargi ne, har ana cewa gaggawa aikin Shaiɗan. "Sauri" na cikin karin maganar na ɓangaren garaje ne. Ickx ya ci Le Mans sau shida tsakanin 1969 da 1982, ya zo na biyu a Formula 1, babbar gasar tseren mota ta duniya, a 1969 da 1970, ya kuma shiga hamada ya ci tseren Paris zuwa Dakar a 1983. Herrmann kuwa, wanda aka kayar yana da shekara 41, ya dawo a 1970 ya ci, sannan ya ajiye tseren. Duk direban tirela da ke sauko gangaren Falez daga Ngaundare zuwa Garwa ya san wannan karatu ba tare da ya je Faransa ba. Tun daga sama yake sa ƙaramin giya, ya bar inji ya riƙe kayan, yana taɓa birki kaɗan-kaɗan. Wanda ya sauko da babban giya yana dogara da birki, kafin ya kai ƙasa zai ji ƙauri, ya taka ya ji fanko.

Tambaya ta biyu daga Njamena take, daga wata malama da ke fassara labaran wasanni daga Faransanci: "Malam, Faransawa suna ce wa mai tsere pilote, suna ce wa mai ɗaukar fasinja chauffeur. Mu da Hausa me za mu ce? Kuma tsere ne daidai ko gasa? Ina yarinya na ga motocin tsere sun ratsa garinmu, manya suna cewa rali."

Malama, abin da kika gani ina kyautata zaton tseren Paris zuwa Kef ne na farkon 1992, wanda ya biyo ta Libiya da Nijar, ya shigo Cadi, ya ratsa Afirka ta Tsakiya da Kamaru, ya ƙare a Afirka ta Kudu. Hubert Auriol ne ya ci a ɓangaren motoci da Mitsubishi. Rali kuwa ki bar ta yadda kika ji ta, kunne ya riga ya karɓe ta.

Gasa ta fi tsere faɗi. Duk inda ake neman wanda ya fi wani, gasa ce: gasar kokawa, gasar waƙa, gasar ƙwallo. Tsere sai inda ake gudu, kuma daga aikatau "tsere" yake, wato ka yi wa wani nisa ya kasa cim maka, kamar yadda ake yabon mutum a ce ya tsere sa'a. Saboda haka abin da aka yi a Le Mans a kwana ɗaya tsere ne, amma jerin tsere na shekara guda da ake tara maki a fitar da zakara, wannan gasa ce. Kada ki ce sukuwa, ta doki ce, irin wadda ake yi a ƙofar Lamiɗo ran sallah. Rige-rige kuma ba shi da alƙali ba shi da layi, shi ne abin da 'yan babur ke yi in sun hango fasinja ɗaya a bakin gadar Ngeli. Ga Le Mans ni na fi son "tseren juriya," domin ba wanda ya riga isa wani gari ake nema ba, wanda ya fi cin nisa cikin awa 24 ake nema.

Batun pilote, muna da kalma tamu ta gado. Tuƙi ya girmi mota a bakin Bahaushe: ana tuƙa tuwo da muciya, ana tuƙa kwalekwale a Logon da Binuwai, da mota ta zo aka aza mata kalmar, ta zauna daram. Daga nan matuƙi ya fito. Direba aro ce daga Ingilishi, ta shigo mana ta wajen 'yan'uwa na Nijeriya, kuma ba laifi gare ta. Ki ce "direban tsere" ko "matuƙin motar tsere," duk mai sauraro zai gane. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce "matuƙin jirgi" don kawai an ga pilote a takarda. Na taɓa jin an yi haka a wani labari, aka bar masu sauraro suna neman inda jirgin ya sauka.

Na uku, wani Alhaji mai motocin haya a Marwa: "Na kira direbana tsohon direba a gaban mutane, da nufin yabo, sai ya ɓata rai. Ina laifina?"

Alhaji, laifin na kalmar ne, amma kai ka ɗauko ta. Tsoho in ya hau kan sunan muƙami ko sana'a, yakan nuna an sauka: tsohon gwamna, tsohon soja, tsohon hedimasta. Bawan Allah yana riƙe da makullin motarka, ka ce masa tsohon direba, ai sai ya zaci sallama ce ta zo a fakaice. Ko kuma ya ji kamar ka ce idonsa ya fara hazo. Abin da kake nufi shi ne tsohon hannu. A nan tsufan na hannu ne, wato daɗewa ana yi, kuma ɗan shekara 35 ma yakan zama tsohon hannu in tun yana yaron mota yake cikin harkar. Kana iya cewa gogagge. Ƙwararre ya ɗan bambanta, domin ƙwarewa tana iya zuwa da wuri, gogewa kuwa sai an sha rana.

Tseren mota yana da misalai masu raba wannan a fili. Fernando Alonso na Sifaniya ya fara Formula 1 a 2001, ya zama zakaran duniya a 2005 da 2006, a 2024 kuma ya zama na farko da ya kai tsere 400, yana da shekara 43, yana karawa da yaran da ba a haife su ba lokacin da ya fara. A ranar nan tsohon hannu ne, ba tsohon direba ba. Juan Manuel Fangio na Ajantina ya ci kambunsa na biyar a 1957 yana da shekara 46. Henri Pescarolo na Faransa ya shiga Le Mans sau 33, ya ci huɗu, duk da mummunar ƙunar da ya yi a can a 1969. Shi kuwa Auriol da na ambata, a kan babur ya fara, ya ci Dakar a 1981 da 1983. A 1987 yana kan gaba, saura ƙiris a gama, ya karye a idon sawu biyu. Jiki magayi. Ya bar babur ya koma mota, shekara biyar bayan haka ya ci, ya zama na farko da ya haɗa nasarar biyu.

Alhajin ya ƙara da tambayar ko zai iya gyara ɓarnar da cewa "tsohon doki sai mai shi." Kul, Alhaji. Ma'anarta abin da ya tsufa ba mai ganin darajarsa ko iya lallaɓa shi sai wanda ya saba da shi, wato ka ce masa in ba kai ba babu mai ɗaukarsa aiki. In karin magana kake so, ka jira ranar da sababbin direbobi suka taru a tasha, ka nuna shi ka ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. In kuma ka haɗa da ƙarin kuɗin abinci na hanyar Kuseri, ba sai ka nemi fassara wajena ba.