Kada ka kai baƙon nan wurin, Idi

Idi, saƙonka ya same ni bayan isha'i. Ka ce: "Maigida, na tsinci haƙora huɗu baƙaƙe da guntun ƙashi mai nauyi a bakin tafkin Tabalak, inda ƙorama ke zubowa. Wani baƙo ya gani, ya ce zai ba ni jika goma in na kai shi ainihin wurin. In kai shi? Kuma in wanke su kafin ya dawo?"

Kada ka kai shi, kuma kada ruwa ya taɓa ƙashin nan. Na so in bari sai mun haɗu, amma tambayarka ta tono mini abin da ya hana ni barci.

Yadda ake raba ƙashin da ya zama dutse da na jakin da ya mutu bara, ba zan ɓata yawuna a kansa ba. Shekara biyu kana bayana, ka san nauyinsa a hannu, ka san yadda yake kama harshe. Abin da ba ka gane ba shi ne, baƙon nan ba haƙoranka yake so ba. Duk abin da ka tsinta a gaɓar tafki ba nan ne gidansa ba, ruwan damina ne ya ɓantaro shi daga tudu ya gangaro da shi. Inda guntu ya fito, saura na nan kwance cikin laka. Sauran yake nema, kuma jika goma kuɗin hanya ne kawai.

Ƙasar Adar da kake takawa gindin teku ce a da. Masana sun ce wajen shekara miliyan 70 da suka wuce, ruwan gishiri ya ratsa Sahara ya rufe nan har ƙasar Sakkwato. Shi ya sa muke samun bushiyar teku mai zanen ganye biyar a bayanta cikin farin dutse irin wanda ake haƙa a Malbaza don siminti, da haƙoran manyan kifaye, da na ƙadangarun ruwa da suka fi kwale-kwale tsawo. Dutsen Igdaman da ke wajen Kao sananne ne har Turai. A 1972 wani Bafaranshe, Henri Cappetta, ya raɗa wa wani kifi mai faffaɗan jiki suna Igdabatis saboda a can aka samo haƙoransa. Sunan dutsenmu na cikin littattafan duniya, amma yaranmu na sayar da abin da ke cikinsa kuɗin shayi.

Ni ma na taɓa sayarwa, har yau kuma abin na cina.

A 2005 ne, bayan fara ta cinye gonaki a daminar da ta gabata. Kai kana goye lokacin, ba ka san yadda buhun hatsi ya gagari magidanta a Tawa ba. Ruwa ya ja baya, ina bin gaɓa da sassafe, sai na ga haƙori ɗaya mai kaurin babban yatsa, tsininsa a ɗan lanƙwashe. Na bi ƙoramar sama. Kwana uku ina hawa ina sauka, ina duba kowane kwazazzabo, har na iske inda bango ya zabge. Ga muƙamuƙi nan ya leƙo, tsawonsa ya kai kamu guda da rabi, haƙora jere a kansa ba wanda ya faɗi. Bayansa ƙasusuwan gadon baya sun shige cikin tudu ɗaya bayan ɗaya kamar carbi. Na zauna a ƙasa na yi ta salati. Shekara goma sha ina wannan aiki, ban taɓa ganin irinsa ba, ban kuma sake gani ba.

Sati biyu na yi ina tone gefensa da basilla da buroshin haƙori. Na naɗe muƙamuƙin da tsumman buhun algarara da filasta, na ɗauko shi a amalanken jaki, na rufe saura da ƙasa da ƙaya.

Sai ga wani mutum a farar mota, da tafinta, da takarda mai hatimi da aka rubuta da Faransanci. Ya ce shi mai bincike ne. Ya duƙa gaban muƙamuƙin ya daɗe, har hannunsa na rawa, sa'an nan ya miƙe ya ce abin ba shi da wata daraja, irinsa sun cika ɗakunan ajiya, amma zai tafi da shi Yamai a auna. Ya ba ni jika ashirin a matsayin kafin alƙalami, ya ce in ya dawo zai cika mini, kuma za a rubuta sunana a jikin abin. Da zai tafi ya roƙe ni in nuna masa wurin, wai hoto kawai zai ɗauka. Gidana babu ko tiya ɗaya ta hatsi a ranar. Na shiga motarsa na kai shi.

Bayan kwana biyar na koma. Tun daga nesa na ga sawun taya. Sun zo da dare da diga da shebur, sun fasa tudun kamar masu haƙar rijiya. Abin da ya ciru sun kwashe, abin da ya ƙi sun farfasa. Na tsugunna ina tsintar gutsattsarin ƙashi cikin hulata ina hawaye. Dabbar da ta kwanta lafiya tun kafin a san mutum a doron ƙasa, dare ɗaya aka watsa ta. Na je har Yamai, na tambaya a Gidan Tarihi na Bubu Hama ko an kawo musu wani muƙamuƙi daga Tawa. Ba wanda ya san mutumin. Nan ne wani ma'aikaci ya zaunar da ni ya faɗa mini cewa tun 1997 akwai dokar kare kayan tarihi, ba a haƙa irin wannan ko a fitar da shi daga ƙasa sai da izinin hukuma. Ya kai ni rumfar da aka tsayar da ƙasusuwan Gadufawa, wani wuri a hamadar Agadas, ciki har da dabbar da masani Bafaranshe Philippe Taquet ya tono, da wani ƙaton kada. Na tsaya ina kallo, ina cewa a raina da nawa ma yana nan, ƴaƴan Adar na zuwa suna ganinsa. Ban yafe wa mutumin nan ba.

Ku yaran yanzu kun fi ni sauƙin cuta. Kafin ku share ƙurar abu kun ɗauki hoto kun saka a Facebook, ga tudu ga itace a bayanku, duk mai ido ya gane wurin. Ba ku iya kwana uku kuna bin ƙorama ɗaya, ku dai a ba ku na sayen kati yau. Mai binciken gaske ba ya raɗa wa yaro magana a gefen hanya. Yana zuwa da takardar ma'aikata, ya gaida hakimi, ya zo da malaman jami'armu, ya rubuta komai.

Zancen wanki kuwa, lakar da ke riƙe da ƙashin tana kumbura in ta sha ruwa, ga jibs, wani farin ma'adini, da ya shiga tsagoginsa ya riga ya raunana shi. Ka tsoma shi a bokiti, da safe ka kwashi gari. Ajiye shi a inuwa ya bushe a hankali, ka naɗe kowane haƙori daban cikin tsumma, ka rubuta ranar da ka same su da bakin ƙoramar a takarda ka sa a ciki. In baƙon ya dawo, ce masa maigidanka ne ke da magana, ka turo shi wurina da takardunsa.

Jibi bayan sallar asuba ka same ni a tasha. Taho da basilla, da gorar ruwan sha, da buhu biyu. Wayarka ta zauna a aljihu har mu sauko daga tudun.