Kamara huɗu a bayan waya, hoto kuwa sai a hankali

Tambaya: Idan na girgiza sabuwar wayata sai in ji wani abu yana kaɗawa kusa da kamara. In mayar wa mai shago? Daga wani ɗalibi a Ngaundere.

Amsa: Kada ka mayar. Idon kamarar ne, da gangan aka bar shi yana lilo a tsakanin maganaɗisu don ya shanye rawar hannunka yayin ɗaukar hoto. Buɗe kamarar ka sake girgizawa, za ka ji ƙarar ta ragu ko ta ɗauke. Daga nan kuma ka daina girgiza ta, ka je ka yi karatu.

Tambaya: Na sayi waya mai kamara huɗu, an rubuta megafiksel 108 a jikin kwalin. Amma tsohuwar wayar ƙanena mai kamara biyu da megafiksel 12 ta fi tawa fitar da hoto da daddare. An cuce ni ne? Daga wani tela a Marwa.

Amsa: Malam, babu wanda ya cuce ka, kwali ka saya aka ba ka waya gyara. Wannan tambaya ta ishe ni, don haka yau sai ka yi haƙuri da ni.

Ɗauki wayar ka dubi kaurinta. Yawancin wayoyin yanzu ba su wuce milimita 8 ko 9 ba, a ciki kuma akwai allo, akwai batir, akwai murfi. Ɗan abin da ya rage shi ne gidan kamara. A wannan matsi ne masu ƙira suke jera ƙwayoyin idon kamara, irin na tabarau, biyar zuwa takwas, ɗaya bisa ɗaya, kuma akasarinsu ba gilashi ba ne, roba ce mai haske da ake zubawa a mazubi. Dalili kuwa, roba tana karɓar siffa mai lanƙwashe-lanƙwashe wadda gilashi ke wahalar gogewa zuwa gare ta, kowace ƙwaya tana gyara ɓarnar da ta gabanta ta yi wa haske: wannan ta hana gefen hoto dushewa, waccan ta hana launi zuba. Idan ƙwaya guda ta goce da abin da bai kai kaurin silin gashi ba, hoto ya lalace. Shi ya sa kamfanonin da suka iya wannan aiki ba su da yawa, manyansu Largan na Taiwan da Sunny Optical na Sin. Nan kuɗin yake tafiya, kuma nan ne ba a rubuta maka komai a kwali ba.

A bayan ƙwayoyin akwai ɗan faranti mai kama haske, sensa ke nan. Girmansa shi ne magana. Babban sensa yana shan haske da yawa, amma yana buƙatar ƙwayoyi masu faɗi da tazara mai tsawo, abin da ya sa kake ganin tozo a bayan wayoyi masu tsada. Megafiksel kuwa adadin gidajen da aka yanka farantin ne kawai. Gona ɗaya ce: in magada 12 ne kowa ya sami abin nomawa, in sun kai 108 kowa sai ɗan kunya guda. Ita kanta wayarka ta san haka, shi ya sa take haɗa gidaje tara su zama ɗaya, ta ba ka hoton megafiksel 12. Duba bayanan hoton da ka ɗauka jiya, za ka gani da idonka. Tun 2012 Nokia 808 ta zo da megafiksel 41, kuma abin da ya sa ta yi suna shi ne ƙaton sensa da ke ƙarƙashi, har wayar ta yi doro.

Sai batun kamara huɗu, wanda ya fi ci mini rai. A wayoyi masu araha da suka cika kasuwanninmu daga Marwa har Kusiri, ɗaya ce ke aiki. Sauran galibi 'yan megafiksel 2 ne, wata ta auna nisa don a dusashe bayan mutum, wata ta ɗauki abu kurkusa, wani zoben ma fitila ce kawai. Buɗe kamara, ka riƙa toshe su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ka ga nawa ne za su baƙanta allo. Ko da ka ja zum ɗin, wato majawin nesa, har ƙarshe, yanko hoton ake yi a kumbura shi. Jawo nesa na gaskiya yana son dogon bututu, waya kuwa ba ta da wurinsa, shi ya sa aka ɓullo da dabarar kwantar da ƙwayoyin a kwance cikin jikin wayar, a sa gilashi mai kusurwa uku ya karya haske ya tura musu. Huawei P30 Pro ta 2019 da wannan ta jawo abu ninki biyar. Ba a samun sa a farashin da ka biya.

Gobe in za ka saya, ka yi abin da nake ta nanatawa a wannan fili: shiga lungun shagon da ya fi duhu, ɗauki hoton rasit ko rubutun jikin kwali, ka buɗe kusurwoyin hoton huɗu ka karanta. Mai shagon da ya hana ka gwadawa, yi masa sallama.

Tambaya: Ina ɗaure wayata a kan babur don aiki. Yanzu kamarar tana rawa, hoto ba ya tsayawa. Daga wani mai haya da babur a Garwa.

Amsa: Girgizar injin ta kashe ɗan abin da ke motsa idon kamarar. Kamfanin Apple ma ya yi gargaɗi a kan haka a 2021. Sai an canja kamarar ɗungurungum. Sabuwar ka bar ta a aljihu.

Tambaya: Hotunana suna fita da hazo-hazo, wata ƙawata ta ce in goge gilashin da man goge baki. Daga wata uwargida a Injamena.

Amsa: Hajiya, ki bar man nan ga haƙora, kankare rufin gilashin zai yi. Maiƙon yatsa ne da ƙurar hunturu. Ki fara hure ƙurar tukuna, sannan ki goge da ƙyalle mai laushi irin na tabarau, ba bakin zani ba. In hazon daga ciki yake, sai mai gyara.