Tambaya da Amsa: Me ake kiran ɓarawo da Ibrananci?

Tambaya: Malam barka da aiki. A ajin nazarin Littafi Mai Tsarki na ji an ce kalmar ɓarawo a Ibrananci daban take da ta ɗan fashi, don Allah gaskiya ne? Daga wata mai karatu a Jos.

Amsa: Gaskiya ne 'yar'uwa, kuma na ji daɗin tambayar nan sosai. Kalmar ita ce gannab, wasu su furta gannav, jam'inta gannabim, tushenta baƙaƙe 3 ne, g-n-b, wato ɗauke abu a ɓoye. Daga nan aka samu lo tignob, kada ka yi sata, a Fitowa 20:15. Shi kuwa ƙwace da ƙarfi gazal ne, kin ga kamar mu da muka raba ɓarawo da ɗan fashi.

Inda abin ya fi burge ni shi ne wannan n ɗin da aka ninka, don a Ibrananci irin wannan siga ta mai sana'a ce ko wanda abu ya zame masa hali, kamar dayyan alƙali, tabbah mai girki, masu Larabci ma sun san najjar kafinta, to gannab kenan wanda sata ta zama aikinsa, gonev kuma mai yin satar kawai.

Kuma ba kaya kaɗai ake sata ba fa, a Farawa 31:20 Ibranancin cewa ya yi Yakubu ya saci zuciyar Laban, ma'ana ya yaudare shi ya gudu bai sanar da shi ba.