Madatsar da ta yi shekara dubu

Ɗana, ka tambaye ni jiya muna daɓen bango, wai madatsar ƙasa irin wannan da muke yi tsakanin duwatsu shekara nawa take kaiwa. Hannuna na cikin yumɓu, shi ya sa ban amsa ba.

Ka san Ma'aribu ta ƙasar Yaman, wadda labarin ambaliyarta ya zo a Suratu Saba'i? Mutanen Saba'i sun samu inda kwarin Zana ya ratsa tsakanin tsaunuka biyu, suka tare bakinsa tun wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da ƙasa suka tare shi, irin wadda ke hannunka. Tsawon bangon ya kai mita 580. Sassaƙaƙƙen dutse kuwa sai a ƙofofin ruwa biyu suka sa shi, ta kudu da ta arewa, kowace na kai ruwa gonakin ɓangarenta. Har yau ƙofofin nan suna tsaye, ko da yake bangon ya tafi.

Abin da nake so ka riƙe shi ne laka. Ruwan tsauni ba ya zuwa shi kaɗai, yakan taho da yashi da taɓo, ya zube su a gindin bango. Kowace damina ciki na cikewa. Shi ya sa bangon da ya fara da mita 4 aka yi ta ɗora masa har ya kai 14. Ya sha ɓallewa ana gyarawa. Abrahata ma, mai giwayen nan, ya tara ma'aikata ya gyara shi a tsakiyar ƙarni na 6 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), ya sa aka rubuta aikin a jikin dutse. Kafin ƙarnin ya ƙare ya sake ɓallewa, ba a samu mai gyara ba, mutane suka watse. Sai a 1986 aka gama sabuwar madatsa kusa da tsohuwar.

Tamu ƙarama ce, amma ciwonsu ɗaya. Ni abin da ke hana ni barci shi ne in ga an gama aiki an yi biki, babu wanda aka ɗora wa yasar laka.

Gobe da sassafe ka zagaya bayan bango. In ka ga ruwa na tsatsowa garau, ka sa alama da tsinke. In kuwa ya fito da jar ƙasa, kada ka tsaya neman kowa, rugo ka tashe ni.