Kafin ka biya kuɗin waya ta hannu

Malam, ina son sayen waya ta hannu a Banex da ke Wuse 2, sabuwa ta fi ƙarfina. Abokina ya ce sai na haɗa da sayen antibairos. Haka ne? — Ɗalibi daga Gwagwalada

Ƙanena, riƙe kuɗinka ka sayi data. Wayar Android tana zuwa da Play Protect, wato tsaron Google da ke binciken manhajoji, kuma muddin daga Play Store kake sauke manhaja, ya ishe ka. Masu shiga uku su ne masu karɓar fayil ɗin APK, wato manhajar da ake turawa ba ta Play Store ba, a guruf, irin su GB WhatsApp.

Abin lura yana can cikin shago. A gaban mai kaya ka danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar mai alƙaluma 15, za ta fito. Ka sa ya rubuta ta a rasit, don wayar sata kan kai mai saye caji ofis. Sannan a goge wayar tas, a kunna ta kana tsaye. In ta nemi asusun Google ko iCloud na wani, ajiye ta, ko da ya rantse zai buɗe maka gobe. Leƙa saitin kuma ka ga yaushe rabonta da sabunta tsaro. Wadda kamfani ya daina kula da ita ba araha ba ce.

An fizge wayar 'yata a tashar mota a Nyanya. Da makulli a wayar, amma kafin safiya an kwashe kuɗin asusunta. Ta yaya? — Uwa daga Karu

Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ba wayar suka buɗe ba, layin suka zare suka sa a ƙaramar waya. Da *565*0# sai BVN ya fito musu, saƙon banki kuma duk can yake faɗawa. Daga nan sai laluben hanyar tura kuɗi ta USSD, wato lambobin banki da ake dannawa a waya.

Maganin kyauta ne, amma ba kowa ke yi ba: a sa wa layin kansa PIN a saitin waya. Da an mayar da shi wata wayar, sai ya nemi lambar; kuskure uku ya kulle, sai da PUK, lambar buɗe layin da ya kulle. Wannan PUK yana jikin katin da aka ɓallo layin, wanda yawancinmu muke yarwa tun a bakin shago.

Yanzu dai 'yarki ta je banki a rufe asusun, ta ɗauki NIN ɗinta ta karɓo layin. A WhatsApp ta kunna tabbaci mai mataki biyu, kuma ta sanar da 'yan uwa kada kowa ya tura kuɗi da sunanta.