Ni kaɗai nake haɗa katun, ta yaya zan gyara aikina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan ina haɗa katun a wayata da manhajar FlipaClip. Ni ne mai zane, ni ne mai murya, ni ne mai tacewa. Bidiyona yakan kai minti goma, amma masu kallo ba sa wuce ɗari biyu. Abokaina sun ce sai na sayi babbar kwamfuta. Gaskiya ne? Kuma wane irin labari ya kamata in riƙe? Daga wani ɗalibi a Ƙofar Nasarawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka yi gaggawar kai kuɗinka kasuwar wayoyi ta Farm Centre tukuna, minti goman nan ne yake cutar ka. Fim yana tafiya da hoto 24 a kowace daƙiƙa, masu zanen hannu kuma sukan zana 12, kowane zane ya fito sau biyu. Minti ɗaya zane 720 ke nan, minti goma kuwa 7,200. Hannu ɗaya ba zai yi wannan da kyau ba, dole a yi aikin sha yanzu magani yanzu. Ka dawo daƙiƙa 30 ko 40, ka ba kowane motsi haƙƙinsa.

Sai murya, wadda ita ce ta fi damuna a katun ɗin yaranmu. Mutum zai yafe maka zane mai sauƙi, amma da ya ji ƙarar janareta ko hon ɗin adaidaita sahu a bayan magana, sai ya wuce. Ka ɗauki murya kafin ka zana komai, da daddare bayan unguwa ta yi tsit, a ɗakin da ke da katifa da labule don kada sauti ya yi amsa-kuwwa. Manhajar Audacity kyauta ce, tana rage hayaniya. Daga nan ka ɗora motsin baki a kan maganar. Siffar baki shida ko bakwai ta ishe ka.

Motsin jiki kuwa, ka sa a ɗauke ka bidiyo kana yin abin da kake son zanawa. Dubi yadda dattijo yake tattare babbar riga kafin ya zauna a tabarma, ko yadda yaro yake ɗan durƙusawa kafin ya yi tsalle. Wannan shirin da ke zuwa kafin motsi yana cikin ƙa'idoji 12 da Frank Thomas da Ollie Johnston na kamfanin Disney suka wallafa a 1981, kuma rashinsa ne ke sa mutanen katun su yi kamar itace.

In hali ya samu, matsakaiciyar kwamfuta da ƙaramin allon zane sun wadatar. Manhajojin haɗa katun irin su Krita da OpenToonz da Blender duk kyauta ne. Gints Zilbalodis na ƙasar Latbiya shi kaɗai ya yi fim ɗinsa Away a 2019, sannan fim ɗin Flow, wanda shi da abokan aikinsa suka haɗa da manhajar Blender, ya ci kyautar Oscar a 2025.

Batun labari, ina roƙonka ka bar kwaikwayon katun ɗin Japan, masu shi sun fi ka hannu da kuɗi. Amma wa zai zana rigimar canji tsakanin ɗan adaidaita da fasinja kamar ɗan Kano? Ga teburin mai shayi, ga marinar Ƙofar Mata, ga tashe, ga Gizo da Ƙoƙi. Ka zaɓi mutum ɗaya da wuri ɗaya, ka yi ta dawowa da su har a san su da suna. Hakan zai ma rage maka wahala, don ba sai ka sake zana wurin ba.

In ka karkata ga yara, ka sani YouTube yana rufe sharhi a bidiyon da aka yi wa alamar na yara, kuɗin talla ma yakan ragu. Kafin a fara raba kuɗin talla da kai kuma, sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kuma mabiya 1,000 da kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo (Shorts) cikin kwana 90. Shi ya sa nake ba ka shawara ka leƙa Kantin Kwari da samfurin talla na daƙiƙa 20 a wayarka, irin wanda mai shago zai ɗora a WhatsApp. Ku yi ciniki a fili, ka karɓi kafin alƙalami, ku kuma tsayar da ko sau nawa za a yi gyara kafin ka fara zane.