Sifilin lambobin waya ya ɓace bayan na zuba fayil ɗin CSV a MySQL

Tambaya: Ni ke riƙe da rajistar ɗaliban wata Islamiyya a Aboabo, Kumasi. Na fitar da ita daga Excel a matsayin CSV, na zuba a MySQL, manhajar rumbun bayanai. Lambobin wayar iyaye sun rasa sifilin farko, sunaye masu ƙ da ɗ sun lalace, adireshi kuma ya tsallaka gurbin da ba nasa ba. Ina gyaran yake?

Amsa: Malama, kafin komai ki buɗe fayil ɗin da Notepad, manhajar rubutu ta Windows. CSV rubutu ne zalla, waƙafi ke raba gurabensa, don haka a nan za ki ga ainihin abin da ke ciki.

Batun sifili ya fi damuna, domin da waɗannan lambobin ake neman iyaye idan yaro ba shi da lafiya. Lambar waya a Gana guda goma ce, kamar masu farawa da 024 ko 020. Idan Excel ko MySQL ya ɗauke ta a matsayin adadi, zai yar da sifilin, tunda a lissafi 024 da 24 duk ɗaya ne. Amma lambar waya ba abin lissafi ba ce, babu mai tara ta ko ya raba. A MySQL ki mai da gurbin lambar waya VARCHAR (na rubutu) maimakon INT (na adadi), a Excel ma ki sa gurbin ya zama na rubutu tun kafin a cika shi. Lambobin da suka koma guda tara ba sai kin sake bugawa ba, umarnin MySQL na LPAD(waya, 10, '0') zai mayar musu da sifilinsu.

Haruffa masu lanƙwasa kuwa, ki adana da zaɓin "CSV UTF-8", teburin MySQL kuma ya kasance utf8mb4, tsarin haruffa da ke karɓar irinsu. In har a Notepad kin ga alamar tambaya a wurin ƙ, harafin ya riga ya tafi, sai ki sake fitarwa daga Excel ɗin asali.

Adireshi irin "Sabon Zongo, Kumasi" yana da waƙafi a cikinsa. Excel kan kewaye shi da alamar zance, saura ki sanar da MySQL a umarnin zuba fayil, wato LOAD DATA: OPTIONALLY ENCLOSED BY '"'. Ki ƙara IGNORE 1 LINES don kada layin kanu ya shiga cikin ɗalibai.

Ni dai ba na zuba fayil kai tsaye a teburin da ake aiki da shi. Ki fara da teburin gwaji, ki ƙirga layukan da suka shiga, ki gwada da yawan ɗalibanki. In sun yi daidai, sannan ki kwashe zuwa babban teburin.